Shin Ko Kun San? Yada Zango a Filin Jirgi: Wa Zai Fita Gari, Wa Zai Zauna?

Shin ko kun san cewa mutum zai iya sauka a ƙasa, ya ci abincinta, ya yi sallah, ya yi barci, ya tashi ya wuce, amma a littafin hukumar shige da ficen ƙasar bai taɓa shigarta ba? Haka yake ga duk wanda ya yada zango a manyan filayen jirgin sama irin na Doha, Dubai, Istanbul ko Adis Ababa. Kowane irin wannan fili kashi biyu ne. Akwai ɓangaren masu wucewa, inda ƙofofin hawa jirgi da shaguna da masallaci suke. Akwai kuma ɓangaren gari, inda ake ɗaukar kaya a fita a hau tasi. Teburin jami'in shige da fice ne ya raba su. Ɓangaren farko tamkar zaure ne: baƙo zai zauna ya huta, amma shiga cikin gida sai maigida ya ba da izini.

Shin ko kun san tsawon jira kaɗai ba ya ba kowa wannan izini? Wanda jirginsa zai tashi nan da sa'a biyu da wanda zai jira sa'a 20 galibi duk ɗaya ne a gaban jami'in. Launin fasfonka yake dubawa, da abin da dokar ƙasarsa ta ce game da wannan fasfo, shi ke nan.

Ga abin da ya fi ba mutanenmu mamaki. Shin ko kun san akwai fasfunan da ko zaman jira kawai za su yi a filin jirgin Turai sai sun nemi biza? Dokar bizar Tarayyar Turai ta 2009 ta lissafa ƙasashe 12 da 'yan ƙasarsu ke buƙatar bizar wucewa ta filin jirgi a duk ƙasashen yankin Shengen: Afganistan, Bangaladash, Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango, Eritiriya, Habasha, Gana, Iran, Iraƙi, Najeriya, Pakistan, Somaliya da Siri Lanka. Rabinsu daga Afirka ne. Wannan biza ba ta kai mutum ko bakin titi. Ya cike takardu, ya ba da hoton yatsu, ya biya Yuro 90, kuɗin da aka koma karɓa tun watan Yuni 2024, duk don a bar shi ya tashi daga wannan ƙofar jirgi ya taka zuwa waccan. Ban da wannan jerin na bai ɗaya, kowace ƙasa tana da damar ƙara nata sunayen. Faransa, alal misali, ta ƙara Kamaru da Chadi da Sudan. Turawan suna cewa sun yi haka ne don hana mutum ya sauka a matsayin mai wucewa sannan ya nemi mafaka. Na ji hujjar, amma ban yarda adalci ne a ɗora wa likita da ɗalibi da tsohuwa mai zuwa ganin jikoki zargin abin da ba su yi ba, a kuma karɓi kuɗinsu a kai.

Akwai waɗanda aka ɗauke wa. Mai riƙe da bizar Amurka ko Kanada ko Japan da ba ta ƙare ba, ko takardar zama a ɗaya daga cikinsu, ko bizar Shengen ita kanta, ko fasfon diflomasiyya, zai wuce ba tare da ita ba. To amma ku lura da nan: bizar Birtaniya ta daina wannan aiki tun farkon 2021, bayan ficewar ƙasar daga Tarayyar Turai. Ɗalibin da ya taso daga Zariya da bizar karatu a Manchester, ya yanki tikitin da zai bi ta Faris ko Frankfurt, yana iya tarar da bizarsa ba ta ishe shi hawa jirgin farko ba. Har yau akwai masu ba da shawara da tsohon sani na kafin 2021.

Shin ko kun san zango biyu a Turai ya sha bamban da zango ɗaya? Yankin Shengen, wanda ya samo sunansa daga wani ƙauye a Luksambok inda aka sa hannu a yarjejeniyar a 1985, yanzu ƙasashe 29 ne, kuma jirgin da ya tashi daga wata zuwa wata a cikinsu jirgin cikin gida ake ɗaukarsa. Idan tikitinka ya ce Abuja zuwa Faris, Faris zuwa Amsterdam, Amsterdam zuwa Toronto, to a Faris ɗin sai ka bi ta gaban jami'in shige da fice kafin ka hau jirgi na biyu. Ka shiga Turai ke nan. Bizar wucewa ba za ta yi ba, bizar Kanada ma ba za ta cece ka ba, sai cikakkiyar bizar Shengen.

Shin ko kun san ɓangaren masu wucewa ba filin Allah ba ne da babu mai iko da shi? Da yawa suna zaton dokar ƙasa ba ta kai can. A 1992 an tsare wasu 'yan uwa huɗu 'yan Somaliya kwana 20 a yankin masu wucewa na filin jirgin Orly da ke Faris, gwamnatin Faransa kuwa ta kafa hujja da cewa ai ba su shigo ƙasarta ba. A 1996 Kotun Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Turai ta yanke hukunci cewa wannan yanki ƙasar Faransa ce, kuma dokarta tana aiki a cikinsa. Hukuncin ya kare matafiyi, amma yana da wani gefen: abin da ƙasa ta haramta, ta haramta shi har a kujerar jira. Ƙwayar tiramadol ko maganin tari mai kodin da babu takardar likita na iya jefa mutum hannun hukuma a Dubai ko da bai yi niyyar leƙa gari ba.

Shin ko kun san Amurka ba ta da ɓangaren masu wucewa kwata-kwata? Duk wanda jirginsa ya sauka a Atlanta ko New York sai ya bi layin shige da fice, ko da sa'a guda zai yi ya wuce Jamaika ko Meksiko. Da can akwai shirin wucewa ba biza, amma an dakatar da shi a watan Agusta 2003. Mai fasfon Najeriya ko Gana ko Kamaru sai ya nemi bizar wucewa mai lamba C-1, da ganawa a ofishin jakadanci, da kuɗi Dala 185, daidai da na bizar ziyara. A watan Yuni 2025 kuma Amurka ta rufe ƙofarta ga 'yan ƙasashe 12, ciki har da Chadi da Sudan, don haka hanyar da ta bi ta can ta toshe musu. Maƙwabciyarta Kanada ita ma tana neman bizar wucewa, sai dai tata kyauta ce, kuma ta sa'a 48 ce.

Birtaniya iri biyu gare ta. Akwai ta wanda ba zai bi ta shige da fice ba, wadda ake nema ga 'yan Najeriya, Gana, Kamaru da Sudan, sai in suna da bizar Amurka, Kanada, Ostiraliya ko Niyu Zilan. Akwai kuma ta wanda zai shiga ƙasar ya fita cikin sa'a 48. Wanda ya sauka a Heathrow zai tashi daga Gatwick, ta biyun ce ta shafe shi, domin tsakanin filayen biyu tafiyar mota ce a kan titin Ingila, duk da cewa tikiti “Landan” ya rubuta wa dukkansu. Haka Istanbul take da filaye biyu, ɗaya a ɓangaren Turai, ɗaya a ɓangaren Asiya. Haruffa uku da ke gefen sunan gari a tikiti su ne ke faɗa maka ko fili ɗaya ne.

Sai mu juya gabas, inda labarin ya fi daɗi.

Shin ko kun san ana iya yin Umara da bizar yada zango? A ƙarshen watan Janairu 2023 Saudiyya ta fito da biza ta sa'a 96 ga masu wucewa a jiragen Saudia da flynas. Ana nemanta ne ta shafin kamfanin jirgin lokacin yankan tikiti, bizar kanta kyauta ce, sai kuɗin inshorar lafiya da na aiki. Kwana huɗu sun isa mutum ya sauka Jidda, ya hau jirgin ƙasa na Haramaini daga cikin filin jirgin zuwa Makka cikin abin da bai kai sa'a guda ba, ya yi ɗawafi da sa'ayi, ya wuce Madina ya yi ziyara, ya dawo ya ci gaba da tafiyarsa. Maganar inda zai ɗaura harami kuwa, ya tambayi malamai tun yana gida. Abu biyu ne a kiyaye. Ba kowane matafiyi ne shafin ke buɗe wa wannan dama ba, don sharuɗɗan sun danganta da fasfo da hanyar tafiya, saboda haka a tabbatar kafin a biya. Na biyu, wannan biza ba ta Hajji ba ce. A 2025 hukumomin Saudiyya sun sa tarar da ta kai Riyal 20,000 ga wanda aka kama zai yi Hajji ba izini, da kora, da hana shiga ƙasar shekara 10. Duk ejan da ya ce maka zai shigar da kai da bizar wucewa ka laɓe har Arfa, kuɗinka yake so, ba ladanka ba.

Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa tana da bizar wucewa ta sa'a 48 kyauta, da ta sa'a 96 a kan Dirhami 50, ban da ladan masu aiki. Kamfanin jirgin ƙasar ne ke tsaya wa mutum, ana nema kafin a taso, kuma ba a ƙara musu wa'adi. Abin da ke rubuce ke nan. Amma 'yan kasuwar Kantin Kwari ba su manta ba cewa daga ƙarshen 2022 zuwa watan Yuli 2024 Daular ta daina ba 'yan Najeriya biza baki ɗaya, don haka abin da ake ba kowa a yau ana iya cire fasfo guda daga ciki gobe. Katar ta fara ba da bizar wucewa a 2016 ga mai jiran sa'a 5 zuwa 96 a Doha, labarin da ya ƙara shafar mu tun da jirginta ya fara sauka Kano a 2022.

Shin ko kun san Turkish Airlines yana zagayawa da fasinjojinsa cikin Istanbul kyauta, har da abinci, in jiransu ya kama daga sa'a 6 zuwa 24? Sunan shirin Touristanbul. Sai dai motar a waje take jira, bayan teburin hatimi. Kamfanin ya ɗauki nauyin mota da ɗan jagora, bai ɗauki nauyin biza ba. Wanda ba shi da izinin shiga Turkiyya sai dai ya ga hasumiyoyin masallatan birnin ta tagar jirgi. Ethiopian Airlines kuwa, mai zuwa Kano da Yamai da Injamena, yakan ba wanda jiransa ya kama daga sa'a 8 zuwa 24 otal a Adis Ababa in babu jirgin da ya fi kusa, kuma shi ke shirya takardar fitar. Wannan takarda ta kwana ce, ba ta yawon kasuwa ba.

Shin ko kun san Chaina tana barin kowane fasfo ya wuce ba biza in bai haura sa'a 24 ba, matuƙar ƙasa ta uku za shi? Fita daga filin kuwa sai jami'in kan iyaka ya ba da izinin shiga na wucin gadi, kuma yana da ikon hanawa. Akwai wani shirin da ya fi wannan girma: tun 17 ga Disamba 2024 ta tsawaita wucewa ba biza zuwa sa'a 240, kwana 10 cur, ga 'yan ƙasashe fiye da 50. Babu ƙasar Afirka ko ɗaya a jerin, duk da dubban 'yan kasuwarmu da ke sarin kaya a Guwanzu shekara da shekaru. Wannan abu ne da ya kamata gwamnatocinmu su ɗaga a duk zaman da za su yi da Beijin.

Ƙaramin misali daga Singafo. Shahararren ginin nan na Jewel da aka buɗe a filin jirgin Changi a 2019, mai ruwa da ke kwararowa daga rufi tsawon mita 40, a ɓangaren gari yake. Mai fasfon Gana zai bi ta shige da fice ya je ya tsaya a gabansa ba biza. Mai fasfon Najeriya sai da biza.

Irin wannan bambanci yana faruwa ko a tsakanin 'yan uwa. Ku ɗauka mutum biyu, ɗaya daga Maraɗi, ɗaya daga Katsina, harshe ɗaya, wataƙila ma kaka ɗaya, sun haɗu a filin jirgin Kasabalanka suna jiran jirgin dare. Na Maraɗi zai miƙa fasfo a buga masa hatimi, ya hau jirgin ƙasa daga ƙarƙashin filin ya shiga gari ya yi la'asar a masallacin Hassan na Biyu da ke bakin teku, domin Maroko ta ɗauke wa 'yan Nijar biza. Na Katsina zai zauna gadin jakunkuna.

A gida Afirka ta Yamma dai da sauƙi. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan kowace ƙasar ƙungiyar damar shiga wata ya yi kwana 90 ba biza, shi ya sa ɗan Najeriya ko Gana da ya yada zango a Lome, cibiyar jiragen Asky, zai iya fita ya ci abinci ya dawo. Nijar da Mali da Burkina Faso sun fice daga ƙungiyar a 29 ga Janairu 2025, amma ƙungiyar ta ce a ci gaba da barin 'yan ƙasashen su yi zirga-zirga kamar da har zuwa wani sabon umarni. Ruwanda ma ta buɗe wa 'yan Afirka ƙofa, don haka mai jira a Kigali yana iya leƙa gari.

Shin ko kun san dogon zango na iya jawo maganar katin rigakafin shawara? Ƙasashe irin su Afirka ta Kudu da Masar suna neman katin daga wanda ya yi fiye da sa'a 12 a filin jirgin ƙasar da cutar ke cikinta, ko da bai fita ba. Mu da muka fito daga yankin cutar kuwa dole ne a kanmu tun farko. Katin yana fara aiki kwana 10 bayan allura, kuma tun watan Yuli 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce allura ɗaya ta isa har ƙarshen rayuwa.

Yanzu ga inda ake yanke hukuncin gaske. Shin ko kun san yawancin waɗanda rashin bizar wucewa ke mayarwa gida ba su ma bar Kano ko Abuja ko Akara ba? A teburin awon kaya ake tsayar da su. Ma'aikaciya ta karɓi fasfo, ta shigar da ƙasarsa da hanyar tafiyar a kwamfuta, ta ɗan yi shiru, ta sake buɗe shafukan fasfon ɗaya bayan ɗaya.

“Alhaji, ina bizar wucewa ta Jamus?”

“Ai ba Jamus za ni ba, 'yar nan. Jirgi kawai zan canza.”

“Na gani, Alhaji. Amma ba zan iya ba ka katin shiga jirgi ba.”

Ba mugunta ba ce. Abin da take karantawa rumbun bayanai ne mai suna Timatic, na ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya, IATA, wanda ke ɗauke da sharuɗɗan shiga da wucewa na kowace ƙasa ga kowane fasfo. Kamfanin da ya kai fasinja ba cikakkun takardu shi zai dawo da shi, kuma a ci shi tara. Birtaniya tana karɓar Fam 2,000 a kan kowane mutum guda. Shi ya sa roƙo da haɗawa da Allah da kiran manya a waya ba sa canza komai a wurin. IATA tana da shafin intanet da kowa zai iya shigar da bayanansa ya ga abin da ma'aikaciyar za ta gani. A ganina, ejan da ya sayar wa dattijo tikiti bai duba masa wannan ba ya ci amanar sana'arsa, tun da dubawar ba ta fi minti biyar ba.

Shin ko kun san tikiti biyu daban na iya mayar da mai wucewa mai shiga ƙasa? Wasu shafukan sayar da tikiti suna haɗa jiragen kamfanoni biyu da ba su da yarjejeniya, su ba da farashi mai rahusa. Kamfanin farko zai sauke jakarka a inda tikitinsa ya ƙare, wurin ɗaukar kaya kuwa yana bayan shige da fice. Ka ga dole ka shiga ƙasar kafin ka ɗauki jakarka ka sake awonta. Araha ba ta ado. Haka wasu ƙananan filayen ke rufe ɓangaren masu wucewa da dare, duk mai kwana sai ya fita, fita kuwa sai da biza.

Mai biza ma yana da nasa tarkon. In bizarka ta shiga sau ɗaya ce, ka fita shan iska a zangon tafiya, ka cinye ta, ba za ta yi maka aiki a dawowa ba. Turai kuma tana son fasfo ya kasance da sauran aƙalla wata uku bayan ranar da za ka bar ta, ƙasashe da yawa wata shida suke nema.

Shin ko kun san akwai waɗanda zangonsu ya ƙi ƙarewa? Mehran Karimi Nasseri, ɗan Iran, ya zauna a filin jirgin Charles de Gaulle na Faris daga 1988 zuwa 2006 bayan takardunsa na gudun hijira sun ɓata, kuma a filin ya rasu a watan Nuwamba 2022. Edward Snowden, ɗan Amurka, ya maƙale a ɓangaren masu wucewa na filin Sheremetyevo a Mosko daga 23 ga Yuni zuwa 1 ga Agusta 2013, bayan Amurka ta soke fasfonsa. Hassan al-Kontar, ɗan Siriya, ya yi kusan wata bakwai a filin jirgin Kuwala Lumfur a 2018 kafin Kanada ta karɓe shi.

Wanda takardunsa suka cika, saura lissafin lokaci. Zangon sa'a shida ba yawon sa'a shida ba ne. Cire lokacin saukowa daga jirgi da layin hatimi, cire tafiyar gari da dawowa, sabon filin Istanbul misali yana da nisan kusan kilomita 40 daga tsakiyar birni, sannan cire sa'a biyu zuwa uku na sake bin layin bincike da shige da fice. A kuma duba agogo: lokacin da ke kan tikiti na garin da kake ne, Dubai tana gaban Kano da sa'a uku. Wanda ya makara jirgi ya tashi, a ƙa'idar yawancin kamfanoni sauran zangunan tikitinsa duk sun soke, har da na dawowa gida, bizarsa ta sa'a 48 kuma tana ci gaba da ƙirga.